Taƙaitaccen Tarihin Leopold Kronecker, Masanin Lissafi (1823-1891)

An haifi Leopold Kronecker ran 7 ga Disamba, 1823, a garin Liegnitz na ƙasar Furushiya, wanda a yau yake cikin Polan. Iyayensa Yahudawa ne masu hali. Tun yana makarantar sakandare ya faɗa hannun wani gwanin malami, Ernst Kummer, wanda ya cusa masa son lissafi. A 1841 ya shiga Jami'ar Barlin, ya sami digirin dakta a 1845.

Maimakon ya kama koyarwa, sai ya koma gida ya riƙa kula da gonaki da dukiyar danginsa, ya kuma yi aure a 1848. Da ya tara abin da zai ishe shi, sai ya dawo Barlin a 1855 ya duƙufa ga nazari. An zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Barlin a 1861, sannan ya gaji kujerar malaminsa Kummer a 1883.

Shi dai Kronecker yana ganin cikakkun lambobi, wato 1, 2, 3 da sauransu, su ne tushen lissafi, kuma duk abin da ba a iya ginawa daga gare su cikin matakai masu iyaka, to abin tuhuma ne. Wannan ra'ayi ya haddasa saɓani mai tsanani tsakaninsa da Karl Weierstrass da Georg Cantor. Abin mamaki, ɗaya daga cikin ayyukan da suka ɗaukaka sunansa ya shafi lambobin da ba a iya rubuta su a matsayin wata cikakkiyar lamba bisa wata, waɗanda masanan Larabawa na dā suka kira kurame. Misalinsu shi ne lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2.

Ga yadda ƙa'idar take a sauƙaƙe. A ɗauka mutum yana kewaya da'ira da taku iri ɗaya. In takunsa rubu'in da'irar ne, wuri huɗu kawai zai riƙa takawa har abada. Amma in gwargwadon takun kurmar lamba ce, ba zai taɓa maimaita sawu ba, kuma duk wurin da aka nuna masa a kan da'irar, wata rana sai ya kusance shi iyakar kusancin da ake so. An san wannan kafin Kronecker, amma a 1884 ya tabbatar da shi ga da'irori da yawa a lokaci guda, tare da bayyana sharaɗin da ya wajaba lambobin su cika.

Amfanin ƙa'idar ya fito fili wajen nazarin abubuwa masu maimaita kansu. Alal misali, in wani adadi mai canzawa ba tare da tsalle ba yana komawa yadda yake bayan kowane taku 1, haka kuma bayan kowane taku na wata kurmar lamba, to tilas adadin ya kasance ɗaya a ko'ina. Harald Bohr, mutumin Denmak, ya dogara da ƙa'idar a shekarun 1920 wajen nazarin abubuwan da maimaicinsu kusan cikakke ne.

Kronecker ya mutu a Barlin ran 29 ga Disamba, 1891, 'yan watanni bayan mutuwar matarsa. Masana sun rungumi tafarkin Cantor, amma tambayarsa game da abin da ya cancanci a kira hujja tana nan da ranta.