Ibnul Jazari, malamin da ya tsare haruffan Alƙur'ani tsakanin gudun hijira da yaƙi

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin tajwidi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya ji sunan Jazariyya, ɗan littafin nan na waƙe da ɗalibai ke haddacewa kafin a ce bakinsu ya gyaru da karatu. Littafin ya fi mai shi suna. Kaɗan ne suka san cewa mawallafinsa ya bar Masar a guje bayan an karɓe masa dukiya, ya faɗa hannun sarkin da ya ƙona garin da aka haife shi, kuma ƴan fashi sun tare shi a hanyar Makka yana da shekara sama da 70. A cikin wannan faɗi-tashi ne ya rubuta littattafan da har gobe ake auna karatun Alƙur'ani da su.

Haihuwa da neman ilimi

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu, ana yi masa alkunya da Abul Khairi. An haife shi a Dimashƙa, babban birnin Sham, daren 25 ga watan azumi na shekara ta 751 bayan hijira, wato Nuwamban 1350. Laƙabin Jazari ya samo shi daga asalin danginsa, Jaziratu Ibn Umar, wani gari na bakin kogin Dijla da ke kudu maso gabashin Turkiyya ta yau. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya daɗe bai samu haihuwa ba, sai da ya je hajji ya sha ruwan Zamzam ya roƙi Allah ɗa malami.

Yaron ya haddace Alƙur'ani yana da shekara 13, shekarar da ta biyo baya kuma ya ja mutane salla da shi. Daga nan ya shiga karatun ƙira'o'i wajen malaman Dimashƙa irin su Ibnus Sallar da Ibnul Labban. Ya yi hajji a 768, ya shiga Masar a 769, ya sake komawa can har sau biyu, duk don ya zauna gaban manyan makaranta na Alƙahira, kamar Ibnul Jundi da Ibnus Sa'igh, ya ji da kunnensa, su ma su ji bakinsa. Yana da shekara 18 ya rubuta littafinsa na farko a fannin, At-Tamhid. Bai tsaya ga ƙira'a kaɗai ba, ya karanci hadisi da fiƙihu, har Ibnu Kasir, mai shahararren tafsirin nan, ya ba shi izinin yin fatawa a 774.

Da ya dawo gida ya zauna karantarwa a babban masallacin Banu Umayya, ya kuma gina makarantar Alƙur'ani tasa a Dimashƙa. Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Sarakunan Mamluk da ke mulkin Masar da Sham suna ta faɗa tsakaninsu, kuma a 791, lokacin da aka yi wa Dimashƙa ƙawanya, ya kammala Hisnul Hasin, littafin addu'o'i da zikiri da ya tsamo daga hadisai.

Abin da ake gardama a kai

Don a gane nauyin aikinsa sai an koma baya kaɗan. Alƙur'ani ya zo ta bakin sahabbai da fuskokin karatu daban-daban, duka daga Manzon Allah (SAW). A Bagadaza, Ibnu Mujahid, wanda ya rasu a 324, ya zaɓi makaranta 7 ya tattara karatunsu: Nafi'u na Madina, Ibnu Kasir na Makka, wanda ba shi ne mai tafsiri ba, Abu Amru na Basra, Ibnu Amir na Sham, sai Asim, Hamza da Kisa'i na Kufa. Daga baya Shaɗibi, makahon malamin nan ɗan Andalus, ya mai da wannan ilimi waƙa, ta bazu ko'ina. A hankali jama'a suka ɗauka cewa duk karatun da ba ya cikin bakwai ɗin nan ba shi da inganci.

Ibnul Jazari ya tsaya kan cewa lamba 7 zaɓin malami ce kawai, kuma karatun wasu makaranta 3, Abu Ja'afar na Madina, Yaƙubu na Basra da Khalaf na Bagadaza, ya inganta kamar na sauran. Ya kafa hujja, ya nemi fatawar manyan malaman zamaninsa, kuma ya fayyace ma'auni 3 da ake gwada kowane karatu da su: ya dace da nahawun larabci ko da ta fuska ɗaya ce, ya dace da rubutun mus'hafin da halifa Usmanu ya aika garuruwa, sannan silsilar waɗanda suka karɓo shi baki da baki ta inganta. Tun daga lokacinsa maganar ƙira'o'i 10 ta zauna daram.

Bursa: shekarun rubutu

Kusantar masu mulki ta jawo masa masifa. Ya shiga harkar kuɗin wani babban jami'in gwamnati a Alƙahira, rikici ya tashi, aka karɓe masa dukiya. A 798, wato 1396, ya shiga jirgin ruwa daga Iskandariyya ya nufi ƙasar Turkawa. Sarkin daular Usmaniyya, Bayazid na ɗaya, ya karɓe shi hannu bibbiyu a Bursa, ya girmama shi, ɗalibai suka taru.

A wannan zaman baƙunci ne ya yi manyan ayyukansa. A 799 ya rubuta An-Nashr, inda ya tace littattafan ƙira'a sama da 50 na magabata, ya bi hanyoyin ruwaya kusan 1000 ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki wanda ya tabbata ya bar wanda bai tabbata ba. Ya taƙaita shi cikin waƙa mai baiti dubu da ƴan kai, Ɗayyibatun Nashr. Ga masu fara koyo kuma ya tsara Muƙaddima, wadda muke kira Jazariyya, baiti 107, wasu kwafin 109.

Abin da ke cikin Jazariyya

Ƙaramin littafi ne amma ya tara abin da makaranci ke buƙata. Ya fara da mafitar haruffa, ya ƙidaya 17 a wurare 5: kogon baki da maƙogwaro inda haruffan ja ke fitowa, maƙogwaro mai mafita 3, harshe mai 10, leɓɓa masu 2, sai ƙaran hanci inda gunna take. Sannan siffofin haruffa: wanda numfashi ke bi da wanda ba ya bi, mai kauri da marar kauri, da haruffa 5 da ake girgizawa idan sun zo da ɗauri. Daga nan sai hukuncin nunun da mimun masu ɗauri, tsawon ja, inda ake tsayawa da inda ake farawa, da kalmomin da mus'hafi ya rubuta a haɗe ko a rabe.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. A larabci harafi ɗaya na juya ma'ana. Kalmar zuciya da kalmar kare ba su da bambanci sai tsakanin ƙaf da kaf. Kalmar da ke nufin ya ɓace da wadda ke nufin ya wanzu, bambancinsu lodi ne da zadi. Shi ya sa ya ware babi guda ya jera kalmomin Alƙur'ani masu zadi don kada a cuɗa su da lodi.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Bahaushe ya daɗe yana mai da harafin lodi lam, sunan ma da muka ba shi a makarantar allo ya nuna haka. Ta nan muka samu alƙali, alwala, larura da Ramalana. Ibnul Jazari ya san wannan furuci. A At-Tamhid ya ambaci cewa lodi ya fi kowane harafi wuya a harshe, ya lissafa yadda al'ummomi ke karkatar da shi, Larabawan Sham da na Masar a cikinsu, har ya ambaci mutanen Zaila, a gaɓar Somaliya ta yau, da ke fitar da shi kamar lam mai kauri. Wato matsalar tsohuwa ce, kuma ba ta bar Balarabe ba balle wanda larabci ba harshen uwarsa ba ne.

Maganin da ya bayar shi ne horar da baki a gaban malami, a maimaita har harafi ya zauna. Ya ɗauki tajwidi a matsayin wajibi ga mai karanta Alƙur'ani. Amma kamar yadda ya yi faɗa da sakaci, haka ya yi faɗa da wuce gona da iri: tauna harshe, murɗa baki, karkarwar murya da jan harafi fiye da ƙima. A wurinsa karatu mai kyau shi ne mai sauƙi, wanda ke fita ba tare da wahalar da kai ba.

A hannun Taimur

Zaman Bursa bai wuce shekara 7 ba. Taimur, wanda littattafan lakwal ke kira Tamerlan, ya ci Dimashƙa a 1401, aka wawashe ta, wuta ta cinye masallacin da Ibnul Jazari ya karantar a ciki. A watan Yulin 1402 ya murƙushe rundunar Bayazid kusa da Ankara, ya kama sarkin. Taimur ya saba kwashe malamai da masu sana'a ya kai ƙasarsa, don haka aka tafi da Ibnul Jazari can tsakiyar Asiya, ya zauna a Kash da Samarƙand, cikin Uzbekistan ta yau. Ko a can bai ajiye karantarwa ba.

Da Taimur ya mutu a 1405 ya samu damar tashi. Ya bi ta Herat, Yazd da Isfahan, yana karantarwa a kowane zango, har ya isa Shiraz, a kudancin Iran, a 808. Mai mulkin garin ya riƙe shi ya ɗora masa alƙalanci. Ya gina wata makarantar Alƙur'ani a can, garin ya zama gidansa na ƙarshe.

Tsufa bai zaunar da shi ba. Wajen 822 ya kama hanyar hajji ta Basra, ƴan fashi suka tare ayarinsu kusa da Unaiza, a yankin Najd, suka kwashe abin da ke hannunsa, hajjin shekarar ya wuce shi. A cikin wannan hali ya tsara Ad-Durra, waƙa mai baiti kusan 240 kan karatun makaranta ukun nan da suka cika goma. Daga baya ya sauke farali, ya sake ziyartar Alƙahira, ya je Yaman a 828, ya komo Shiraz. A nan ya rasu a watan Rabi'ul Awwal na 833, wato Disamban 1429, yana da shekara 82 a lissafin hijira, aka rufe shi a makarantar da ya gina.

Ya bar Ghayatun Nihaya, kundin tarihin makaranta kusan 4000 tun daga sahabbai, kowa da malamansa da ɗalibansa. A cikinsu ya saka ƴarsa Salma, wadda ta haddace Alƙur'ani ta karanta masa shi da ƙira'o'i 10. Ɗansa Ahmadu ya yi sharhin waƙoƙinsa, bayansa kuma malamai irin su Zakariyya al-Ansari da Mulla Ali al-Ƙari suka yi wa Jazariyya nasu sharhin. Mafi yawan ijazar ƙira'a da ake bayarwa yau, a Alƙahira ko Madina ko Istanbul, idan aka bi silsilarta sai an ratsa ta kansa.

Warshu da Hafsu a garuruwanmu

Tun kaka da kakanni, makarantun allo da tsangayun ƙasar Hausa ruwayar Warshu suke karantawa, wanda ya karɓo daga Nafi'u, kamar sauran yammaci da arewacin Afirka. Ɗigon yamala na wannan ruwaya ne ma ya ba ajaminmu wasalin e. A ƴan shekarun nan ruwayar Hafsu daga Asim ta shigo da ƙarfi ta hanyar mus'hafan da ake bugawa a Madina, da kaset da wayar salula, da ɗaliban da suka karanto a ƙasashen Larabawa. Har ta kai a wasu masallatai saurayi na jin tsohon alaramma bai ja mimun ba a kalmar mai mulkin ranar sakamako cikin Fatiha sai ya ɗauka kuskure ne, alaramma kuma yana ganin karatun saurayin baƙon abu ne da aka shigo da shi.

Rayuwar Ibnul Jazari tana da amsa ga ɓangarorin biyu. Warshu da Hafsu duk suna cikin goman da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tabbatarwa, kuma jan wancan mimun da rashin jansa duka karɓaɓɓu ne. Wanda ya raina ɗaya daga cikinsu bai fahimci littafin da yake taƙama da shi ba. A ɗaya gefen kuma, mai da lodi lam ko mai da harafin sa mai ɗigo 3 sin ba ya cikin ruwayar Warshu, sabon harshe ne da ke buƙatar gyara, kuma gyaransa ba ya rage wa mahaddaci daraja. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ba tare da duba ko shafi ɗaya ba, suna riƙe da abin da ɗan jami'a da yawa ba shi da shi. Masu tajwidi su ma suna riƙe da abin da tsangaya ke buƙata. Ibnul Jazari ya haɗa biyun, haddar da ba ta girgiza da harafin da ya fito daga mafitarsa, kuma ya same su ne ta hanyar durƙusawa gaban malamai daga gari zuwa gari. Allah ya jiƙansa da rahama.