Waliyyi Joseph Vaz: Makiyayin Ƙabilu Biyu

A tsibirin Siri Lanka, kudu da Indiya, akwai manyan ƙabilu biyu. Sinhala su ne mafi rinjaye, akasarinsu mabiya addinin Buddha. Tamil kuwa sun fi yawa a arewa da gabas, akasarinsu mabiya addinin Hindu. Ikkilisiyar Katolika tana da 'ya'ya cikin ƙabilun nan biyu, kuma wannan gado ne da Fada Joseph Vaz ya raya.

An haife shi ran 21 ga Afrilu, 1651, a yankin Gowa na ƙasar Indiya, aka keɓe shi firist a 1676. A zamanin nan Turawan Holan sun ƙwace gaɓar tsibirin daga hannun Turawan Fotugal, suka kori firistoci, suka haramta Mas. Jama'ar Allah ta yi kusan shekara 30 kamar tumakin da ba su da makiyayi.

A 1687 Fada Vaz ya shiga Jafna, garin Tamilawa, cikin tufafin ɗan ƙwadago. Da dare yakan bi gida-gida, yana yin baftisma, yana jin furcin zunubi, yana miƙa Mas a ɓoye. Da tsanani ya ƙaru, sai ya nufi Kandi, masarautar Sinhalawa, inda Holan ba su da iko. Sarki ya zaci ɗan leƙen asiri ne, ya sa aka tsare shi. A tsaren nan ya duƙufa koyon harshen Sinhala, kamar yadda ya riga ya koyi na Tamil.

Sa'ad da annobar agana ta auka wa Kandi a 1697, mutane suka gudu suka bar majinyata. Shi kuwa ya tsaya yana jinyarsu, yana binne matattu, bai tambayi ƙabila ko addinin kowa ba. Wannan ya ƙara masa daraja a idon sarki da talakawa. Ya horar da katikist, ya kuma ƙarfafa Fada Jacome Gonsalves ya rubuta addu'o'i da littattafai cikin harsunan biyu. Ya rasu a Kandi ran 16 ga Janairu, 1711.

Daga baya harshe ya raba ƙasar. Dokar 1956 ta mai da Sinhala kaɗai harshen hukuma, gaba ta yi ta ruruwa har yaƙin basasa ya ɓarke a 1983, bai ƙare ba sai 2009. Paparoma Francis ya ɗaukaka Fada Vaz zuwa matsayin waliyyi a Kolombo ran 14 ga Janairu, 2015.

'Yan'uwa, mu ma a Sakkwato tsirari ne masu harsuna dabam-dabam, a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Mu koyi harshen juna, mu kula da majinyaci ko wane ne shi. Waliyyi Joseph Vaz, ka yi addu'a dominmu.