Tarihin Rayuwar Mary Talbert da Ceton Gidan Frederick Douglass

An haifi Mary Burnett a garin Oberlin na Jihar Ohio ta Amurka a shekarar 1866, watau shekara guda bayan an gama yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar. Oberlin kuwa gari ne da ya yi suna tun kafin yaƙin wajen ɓoye bayin da suka gudo daga Kudu, kuma kwalejinsa tana cikin makarantun farko da suka karɓi mata da baƙar fata tare da sauran ɗalibai. A wannan kwaleji ta yi karatu har ta sauke a 1886. Daga nan ta tafi birnin Little Rock na Jihar Arkansas aikin koyarwa, inda ba da daɗewa ba aka naɗa ta mataimakiyar shugaban wata makarantar sakandare, tana da shekara ashirin da ɗoriya kaɗan.

A 1891 ta auri William Talbert, ta koma birnin Buffalo na Jihar Niyok, kuma a nan ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Gidansu yana kan titin Michigan, daura da tsohuwar majami'ar Baftis ta baƙar fata wadda aka gina tun wajen 1845. Wannan unguwa ita ce cibiyar baƙar fatan birnin a wancan zamani, kuma daga cikinta Mary ta fara gwagwarmaya. Ta shiga cikin matan da suka kafa ƙungiyar Phyllis Wheatley a 1899. Sa'ad da ake shirin babban bajekolin ƙasashen nahiyar Amurka na 1901 a Buffalo, ta fito ta ƙalubalanci masu shirin saboda sun ware baƙar fata daga sha'anin, alhali kuwa sun tanadi wani ɓangare da za a nuna rayuwar gonakin bayi domin nishaɗin 'yan kallo. A 1905 kuma, a gidanta W. E. B. Du Bois da abokan tafiyarsa suka gana kafin su ƙetara Fort Erie ta ƙasar Kanada, su kafa ƙungiyar Niagara, wadda ta share fagen kafuwar ƙungiyar NAACP a 1909.

Amma aikin da ya fi ɗaukaka sunanta ba a Buffalo ta yi shi ba. Domin a fahimce shi, wajibi ne a waiwaya baya kaɗan. Frederick Douglass, wanda aka haifa cikin bauta a Jihar Maryland, ya tsere a 1838, ya zama marubuci da mai jawabi mafi shahara a cikin baƙar fatan ƙarni na 19. A 1877 ya sayi wani babban gida a kan tudu a unguwar Anacostia ta birnin Washinton, ya sa masa suna Cedar Hill. Sayen kansa abin lura ne, don kuwa waɗanda suka yanka filayen unguwar tun farko sun gindaya sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata. A nan ya zauna har ya rasu a 1895. Ya yi wasiyyar gidan ga matarsa ta biyu, Helen Pitts, wadda Baturiya ce, sai dai an sami naƙasu a takardar wasiyyar ta fuskar shaidu, don haka dole ta ci bashi ta sayi rabon 'ya'yansa, gidan ya shiga jingina. Ta yi ƙoƙari har Majalisar Dokokin Amurka ta amince da kafa wata ƙungiyar tunawa da Douglass a 1900, ta bar mata gidan. Da ta rasu a 1903, ƙungiyar ta gaji gida da littattafai da takardu, ta kuma gaji bashi.

Shekara goma sha uku aka yi a haka. Manyan mutane sun sa baki, har da Booker T. Washington, an rage bashin amma ba a kashe shi ba, gini kuwa yana ta lalacewa. A 1916 aka zaɓi Mary Talbert shugabar Ƙungiyar Matan Baƙar Fata ta Ƙasa, ta ɗauki ceton gidan a matsayin babban aikin shugabancinta. Dabararta mai sauƙi ce, kuma ita ce ta bambanta ta da waɗanda suka gabace ta: ba ta zauna jiran attajirai ba. Ƙungiyar tana da rassa a jihohi da yawa, kuma a cikinta akwai malaman makaranta da matan limaman majami'a da teloli da masu wankau da masu aikin gida. Ta bi su da wasiƙu da tafiye-tafiye da jawabai, tana neman kowane reshe ya kawo abin da ya sawwaƙa, har da yaran makaranta. Attajirar nan Madam C. J. Walker, mai sana'ar man gyaran gashi, ta ba da dala 500, ita ce gudummawa mafi tsoka daga mutum guda. Cikin shekara biyu aka biya bashin, kuma a babban taron ƙungiyar a birnin Denver a 1918 aka ƙone takardar jinginar a gaban jama'a. Ba a tsaya nan ba, aka ci gaba da tara kuɗin gyara, har aka yi bikin buɗe gidan a watan Agusta na 1922.

Ya kamata a tuna irin lokacin da aka yi wannan aiki. Matan Amurka ba su sami cikakken 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1920, kuma a jihohin Kudu an ci gaba da hana baƙar fata, maza da mata, ta hanyoyi daban-daban. Hukuma ba ta ɗauki gidan wani tsohon bawa a matsayin abin tarihi ba. Gidajen da ake adanawa na shugabannin ƙasa ne da janar-janar, kamar gidan George Washington da ke Mount Vernon, wanda shi ma, abin mamaki, ƙungiyar mata ce ta cece shi. Da a ce an bar Cedar Hill ya faɗa hannun masu bin bashi, da wuya a sami wanda zai hana a yanka shi fuloti-fuloti. Saboda haka ba ƙaramin hangen nesa ba ne mace ta nace a kan gyaran rufi da biyan bashin tsohon gida a lokacin da ake rataye 'yan'uwanta a kan bishiyoyi ba tare da shari'a ba. Ita ma ba ta bar wannan batu ba. A 1920 ta je birnin Kiristiyaniya na ƙasar Norwe, wanda yanzu ake kira Oslo, taron Majalisar Mata ta Duniya, ta bayyana wa mahalarta halin da baƙar fata suke ciki. A 1922 ta jagoranci gangamin mata na neman dokar hana irin wannan kisan gilla, dokar da ta wuce Majalisar Wakilai amma ta mutu a Majalisar Dattawa. A shekarar ce NAACP ta ba ta lambar girma ta Spingarn, ta zama mace ta farko da ta same ta.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. Ta rasu a Buffalo ranar 15 ga Oktoba, 1923, tana da shekara 57, aka binne ta a maƙabartar Forest Lawn. Matan ƙungiyarta suka ci gaba da riƙon gidan Douglass da ɗan abin hannunsu na tsawon shekara arba'in, sai a 1962 gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka sake gyara shi aka buɗe a 1972, sa'an nan a 1988 aka ayyana shi wurin tarihi na ƙasa.

Gidanta na titin Michigan kuwa, inda su Du Bois suka zauna, bai sami mai ceto ba. An rushe shi, kamar yadda aka rushe gidaje da yawa na wannan unguwa, sai allon tarihi da aka kafa a wurin. Majami'ar tana nan tsaye, haka ma gidan limaminta J. Edward Nash, wanda ya shugabance ta daga 1892 zuwa 1953, kuma aka mai da gidansa gidan tarihi. A 2005 aka shigar da sunan Mary Talbert cikin jerin fitattun matan Amurka a garin Seneca Falls, kuma akwai gini mai ɗauke da sunanta a Jami'ar Buffalo.