Arkimidis, Masanin Da Ya Ƙidaya Rairayi

In Bahaushe ya ga taro ya fi ƙarfin idonsa sai ya ce jama'a kamar ƙasa, watau ba su ƙirguwa. Mutanen dā na ƙasar Yunan ma haka su ke faɗi game da rairayin bakin teku. To, yau za mu ba masu karatunmu labarin wani mutum wanda bai yarda da wannan magana ba, har ya zauna ya lissafta yawan rairayin da zai cika duniya da sararin samaniya baki ɗaya. Sunansa Arkimidis. Malaman makaranta da akawuna su suka fi kowa cancantar saninsa, don kuwa shi ya share hanyar da a ke bi a rubuta manyan adadi a taƙaice.

An haife shi wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam, a birnin Sirakus, cikin tsibirin Sisili da ke tsakiyar Bahar Rum. Mutanen birnin Yunanawa ne. Ubansa, mai suna Fidiyas, masanin taurari ne, saboda haka yaro ya tashi cikin gidan lissafi. Da ya girma ya riƙa musayar wasiƙu da manyan malaman Iskandariyya ta ƙasar Masar, yana aika musu da abin da ya gano. Shi ya nuna cewa kewayen da'ira ya fi faɗinta sau uku da ɗan ɗoriya, amma bai kai sau 22/7 sosai ba. Wannan 22/7 shi ne malamai ke koya wa yara a aji. Shi kuma ya tabbatar cewa in an sa ƙwallo cikin gwangwanin da ya yi masa daidai ta faɗi da ta tsawo, ƙwallon zai cinye kashi biyu cikin uku na cikin gwangwanin.

Amma abin da ya kawo mu yau shi ne wani ɗan littafi da ya rubuta wa Sarki Gelon na Sirakus a kan ƙidayar rairayi. Sai mu tuna wahalar da ke gabansa. Yunanawa da haruffa su ke rubuta adadi, ba su da alƙaluman da mu ke da su. Sifiri ma daga baya ne ya fito daga ƙasar Hindu, ya biyo ta hannun Larabawa, kuma daga bakinsu muka sami sunansa. Adadi mafi girma da Yunanawa ke da sunansa shi ne zambar goma. In sun matsa ƙwarai su ce zambar goma sau zambar goma, watau miliyan ɗari. Daga nan sai baki ya mutu.

Arkimidis ya ga ba yawan rairayi ne ya gagari mutane ba, suna ne ya ƙare musu. Sai ya shirya adadi hawa hawa kamar bene. Daga ɗaya zuwa miliyan ɗari ya kira su hawan fari. Sa'an nan ya ɗauki miliyan ɗari ya mai da shi tamkar ɗaya, ya sake ƙirga har miliyan ɗarinsa, wannan shi ne hawa na biyu. Haka ya yi ta hawa. Ya kuma tabbatar da wata ƙa'ida, cewa in za a ninka babban adadi irin wannan da ɗan'uwansa, ba sai an sha wahala ba, matsayinsu kaɗai za a tara.

Yanzu sai mu kwatanta wannan da irin rubutunmu. Tsakanin duniya da rana wajen mil 93,000,000 ne. Masana ba su son jera sifiri haka. Sai su sa ɗigo bayan alƙalami na farko, ya zama 9.3, su ƙirga gidajen da suka rage a bayan 9, su tarar bakwai ne. Sai su rubuta 9.3 × 10⁷. Ɗan ƙaramin bakwai ɗin nan da ke kafaɗar goma yana nufin a ninka da goma sau bakwai. In kuwa ana so a komar da shi yadda ya ke, sai a tura ɗigon dama gida bakwai, a cike guraben da sifiri. Ƙananan adadi ma haka ne, sai dai ɗigon hagu ya ke komawa, a kuma sa alamar ɗebewa: 5 × 10⁻⁴ shi ne 0.0005. Wannan salon ɗora ƙaramin alƙalami a kafaɗa ya bazu ne bayan littafin wani Bafaranshe, Dekart, na shekara ta 1637.

To, ga yadda Arkimidis ya bi. Ya ɗauki ƙwayar irin wani fure, wadda ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ya ƙaddara cewa ba za ta ci rairayi fiye da zambar goma ba. Ya ce irin waɗannan ƙwayoyi arba'in, in an jera su, za su kai faɗin yatsa. Saboda haka ƙwallo mai faɗin yatsa ɗaya ba zai ci rairayi fiye da 10⁹ ba. In faɗin ƙwallo ya ninku sau goma, cikinsa sau dubu ya ke ninkuwa, watau kowane sifiri ɗaya na faɗi yana jawo uku. Yunanawa suna da wani ma'aunin tafiya na wajen yadi 200, wanda bai kai yatsa 10⁴ ba. Huɗu sau uku sha biyu, a tara da tara, ƙwallo mai wannan faɗi zai ci 10²¹. Sa'an nan ya ɗauki ra'ayin Aristarkus, mutumin tsibirin Samos, wanda ya ce duniya ce ke kewaya rana, don a ra'ayinsa sararin ya fi girma. Ya ƙiyasta faɗin sararin bai wuce 10¹⁴ na wancan ma'auni ba. Sha huɗu sau uku 42, a tara da 21, an sami 63. Amsar ke nan, 10⁶³, watau ɗaya da sifiri sittin da uku a bayansa.

Masana na baya sun gano sararin ya fi yadda ya zata nesa ba kusa ba. Ko tauraron da ya fi kusa da mu, ban da rana, yana wajen mil 2.5 × 10¹³, ya fita daga cikin ƙwallon Arkimidis. Awonsa ya tsufa, amma da hanyarsa muka rubuta sabon awon.

Ƙarshen ransa cikin yaƙi ya zo. Bayan rasuwar Sarki Hiyero, uban Gelon, a shekara ta 215, Sirakus ta bar Rumawa ta koma wajen abokan gābarsu, mutanen Kartaj. Rumawa suka aiko da rundunar Marselus ta kewaye birnin ta tudu da ta ruwa. Dattijon nan ya shirya majajjawa masu jefa manyan duwatsu, da ƙugiyoyi masu ɗaga goshin jirgi su kifar da shi, har aka yi wajen shekara biyu birnin bai ciwu ba. A shekara ta 212 Rumawa suka shiga. Marselus ya so a bar shi da rai, amma wani soja ya kashe shi, yana da shekara wajen 75. Marubutan Rum sun ce ya tarar da shi ne ya duƙufa kan zanen lissafi.

Aka sa siffar ƙwallo da gwangwani a kan kabarinsa, kamar yadda ya roƙa tun yana da rai. A shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero, wani ma'aikacin Rum da aka tura Sisili, ya nemi kabarin, ya same shi ƙaya ta rufe, mutanen gari sun manta. Da wannan siffa ya gane shi, ya sa aka share.

Muna roƙon malamai su nuna wa yara cewa ƙaramin alƙalamin nan na kafaɗa shi ne mai nauyi, don tsakanin 10⁶ da 10⁷ ninki goma ne. Akawun da ya ɓatar da sifiri ɗaya cikin littafin kuɗi ya san abin da mu ke nufi, ya kuma san wanda za a kira a tambaya. Kafin a sa hannu, a ƙirga gidaje sau biyu.