Lev Landau: Masanin da lissafinsa ke tace siginar radar

A cikin wasu na'urorin radar da kayan auna siginar sadarwa akwai wani ɗan ƙwallo da bai kai ƙwayar gero ba. Aikinsa irin na rariya ne: yana barin siginar da ake buƙata ta wuce, ya tare sauran. Tushen lissafin da yake aiki da shi yana cikin wata maƙala da Lev Landau ya fitar a 1935.

An haifi Landau ranar 22 ga Janairun 1908 a Baku, babban birnin Azerbaijan a yau. Mahaifinsa injiniyan man fetur ne, mahaifiyarsa kuma likita. Ya shiga jami'a yana ɗan shekara 14, ya kammala a Leningrad yana da 19, daga baya ya ƙaro ilimi wurin Niels Bohr a Kopenhagen.

A 1932 ya koma Kharkiv da ke Yukiren, inda ya shugabanci sashen nazarin ka'idojin fiziks. A can ne shi da ɗalibinsa Evgeny Lifshitz suka nuna yadda maganaɗisun da ke cikin ƙarfe ke juyawa yana tangaɗi kamar katantanwar yara idan wani ƙarfin maganaɗisu ya ja shi daga waje. Gwargwadon ƙarfin jan, gwargwadon saurin juyin.

Saura ƙiris aikinsa ya tsaya nan. A Afrilun 1938, bayan komawarsa Mosko, an kama shi kan wata takarda mai sukar Stalin. Ya shekara a tsare, har sai da Pyotr Kapitsa, shugaban cibiyar da yake aiki, ya rubuta wa mahukunta ya kuma tsaya masa. Bayan fitowarsa ne ya warware sirrin yadda ruwan iskar heliyum mai tsananin sanyi ke gudana ba tare da turjiya ba.

A 1946 James Griffiths ya ga wannan juyi na maganaɗisu a gwaji a Oxford. Shekara goma bayan haka masana a Grenoble ta Faransa suka bayyana wani ma'adini na ƙarfe da yitriyum, wanda ake kira YIG, mai riƙe juyin ba tare da asarar ƙarfi mai yawa ba. Da shi ake ƙera ɗan ƙwallon, a saka shi tsakanin maganaɗisun lantarki. Siginar da kaɗawarta ta dace da juyinsa ce kaɗai ke wucewa, kuma da an ƙara lantarki ko an rage, sai ya koma kan wani zangon. Tesla ɗaya na ƙarfin maganaɗisu na ba da juyi kusan biliyan 28 a daƙiƙa.

Ranar 7 ga Janairun 1962 motar da Landau ke ciki ta yi karo da wata babbar mota a hanyar Dubna. Likitoci sun ceto ransa, amma bai sake yin bincike ba. A asibiti aka miƙa masa lambar Nobel ta wannan shekara saboda aikinsa kan heliyum. Ya rasu ranar 1 ga Afrilun 1968 yana da shekara 60, ya bar littattafan fiziks da suka fara da Lifshitz, waɗanda suka kai juzu'i goma, ana kuma karanta su a jami'o'i har yau.