Reisswitz: Hafsan da ya shigar da sa'a cikin lissafin yaƙi

Duk wanda ya taɓa zama a gindin dara ya san cewa a wannan wasa babu ruwan mutum da sa'a. Wanda ya fi hangen nesa shi ke ci. Fagen fama kuwa ba haka yake ba. Runduna kan fita da yawan mayaƙa da kyakkyawan shiri, amma ta dawo a warwatse saboda hazo, ko firgicin dawaki, ko saƙon da bai isa kan kari ba. Mutumin da ya yi nasarar auna wannan rashin tabbas da alƙaluma, har ya mayar da shi darasin horar da hafsoshi, shi ne Georg von Reisswitz, wani matashin soja na daular Furusiya da ke ƙasar Jamus ta yau, wanda bai wuce shekara 33 a duniya ba.

An haife shi a shekarar 1794. Yana yaro ƙasarsa ta sha kashi a hannun Napoliyon na Faransa a yaƙin Jena na 1806, abin da ya tilasta wa shugabanninta sake tunani kan tarbiyyar soja. A wannan yanayi ne mahaifinsa, Georg Leopold von Reisswitz, ya ƙirƙiro wani wasan yaƙi da ake yi kan teburi mai siffar tuddai da kwaruruka da koguna, ya kuma gabatar da shi ga Sarki Friedrich Wilhelm na III a 1812. Fada ta yi na'am da shi, amma dai abin nishaɗin sarakuna ya zama. Shi kuwa ɗan, ya shiga soja a sashen igwa, ya yi yaƙin fatattakar Napoliyon, ya ga yadda harsashi ke kuskure da yadda jarumi ke juya baya. Da ya gaji aikin mahaifinsa, da wannan ido ya sake gina shi.

A 1824 ya wallafa ƙa'idojin wasan da Jamusawa ke kira Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Ya ajiye teburin mahaifinsa, ya ɗauko taswirar ƙasa ta ainihi. Rundunoni suka zama 'yan gutattakin dalma, ja da shuɗi, kowace motsawa kuma tana wakiltar minti 2 na fagen daga. Ɓangarorin biyu ba sa ganin shirin juna. Sai dai kowa ya rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙalin wasa, shi ne zai bayyana wa kowa iyakar abin da dakarunsa za su iya hangowa.

Inda basirarsa ta fi fitowa shi ne wajen yanke hukuncin arangama. Ya yi amfani da ƙwayar nan mai fuska shida da muke jefawa a wasan lido, amma ya tanadi iri-iri, kowace da nata rinjayen. Idan ƙarfi ya zo ɗaya, fuska uku na wannan ne, uku na wancan. Idan alƙali ya duba yawan dakaru da yanayin ƙasa ya ga wani ɓangare na da rinjayen biyu bisa ɗaya, sai a ɗauko ƙwayar da ta ba shi fuska huɗu, ta bar wa abokin karawarsa biyu. Mai karatu ya lura da ma'anar wannan: mai rauni na iya yin galaba sau ɗaya cikin uku. Ko da rinjayen ya kai huɗu bisa ɗaya, sau ɗaya cikin biyar babba ne zai faɗi. Haka kuma ɓarnar bindiga da igwa, ya tsara ta bisa nisan wuri da alƙaluman gwajin harbi, ya bar wa ƙwaya ta nuna ko harbin ya yi kyau ko ya lalace. Darasin a fili yake: kyakkyawan shiri na ƙara yiwuwar nasara, amma ba ya lamunce ta, don haka kwamanda na gari shi ne mai ajiye dakarun ko-ta-kwana saboda ranar da lissafi zai saɓa.

Ta hannun Yarima Wilhelm wasan ya isa gaban shugaban hafsoshi, Janar Karl von Müffling. Janar ɗin ya zo yana ɗari-ɗari, amma ya tashi yana mai shaidar cewa wannan horon yaƙi ne sosai, ya kuma yaba da shi ga rundunar baki ɗaya. Sarki ya ba da umarnin a samar wa rundunoni kayan wasan, aka kuma gayyaci Reisswitz ƙasar Rasha domin ya nuna fasaharsa. Shi kansa bai gamsu da kalmar wasa ba, ya riƙe ta ne don rashin wadda ta fi ta, kuma lallai suna linzami ne, domin wasu manya sun raina abin tun daga sunansa.

Sai dai ɗaukaka ba ta rabuwa da mahassada. A 1826 aka ƙara masa girma zuwa kyaftin, aka kuma ɗauke shi daga Balin zuwa barikin Torgau. Ya ɗauki wannan sauyi a matsayin kora cikin ladabi, baƙin ciki ya rufe shi, ya kashe kansa ranar 1 ga Satumba, 1827. Abin takaici ne a ce mutumin da ya koya wa wasu cewa jifa ɗaya ba ya ƙare wasa, shi ya kasa jiran jifa na gaba.

Aikinsa bai bi shi kabari ba. Helmuth von Moltke, wanda ya riƙi wasan tun yana ƙaramin hafsa, ya zama shugaban hafsoshi a 1857. Bayan Furusiya ta doke Ostiriya a 1866 da Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayon wasan. Daga wannan tsatso ne wasannin yaƙi na 'yan mutum-mutumi da na kwamfuta suka samo alƙalinsu da ƙwayarsu.

Tarihin Reisswitz na ɗauke da jan kunne biyu. Mai tsara al'amuran jama'a da bai ware wa tsautsayi gurbi a lissafinsa ba, yaudarar kansa yake yi. Hukumar da ta karɓi fasaha ta watsar da mai ita kuwa, ta ci moriyar ganga ta yar da kwaurenta, kuma masu basira na baya suna kallo.