TENZING NORGAY: ƊAN DAKON DA YA TAKA ƘOLOLUWAR DUNIYA

Ya kai mai karatu, idan ka duba taswirar nahiyar Asiya, za ka ga jerin tsaunuka sun miƙe tsakanin Indiya da Tibet. Su ne tsaunukan Himalaya. A cikinsu akwai tsaunin Everest, a kan iyakar Nepal da Tibet, wanda tsayinsa ya kai mita 8,849. Babu wanda ya fi shi tsayi a duniya. Mutanen wurin suna kiransa Chomolungma, kuma suna girmama shi ƙwarai a addininsu na Buda. Labarin da za ka karanta na wani ɗan talakawa ne da ya tashi a gindin wannan tsauni, har ya zama ɗaya daga cikin mutum biyu na farko da suka hau kansa.

An haifi Tenzing Norgay a shekarar 1914. Ya girma a ƙauyen Thame, cikin yankin Khumbu na ƙasar Nepal, a tsakanin ƙabilar Sherpa. Ƙasa ce mai tsananin sanyi da ƙarancin abinci. Mahaifinsa makiyayi ne, yana kiwon wata irin saniya mai dogon gashi da ake kira yak. Sunan yankan yaron Namgyal Wangdi, amma wani babban malamin addinin Buda ya ba iyayensa shawara su sauya masa suna, sai suka sa masa Tenzing Norgay. Tun yana ƙarami yake fita kiwo, yana ɗaga kai yana kallon tsaunin, yana kuma jin labarin Turawan da suke zuwa don su hau shi.

Da ya zama saurayi sai ya bar gida ya tafi garin Darjeeling na ƙasar Indiya. Daga can ne ayarin masu hawan dutse suke tashi a wancan zamani, suna ɗaukar matasan Sherpa aikin dako. A shekarar 1935 wani Baturen Ingila mai suna Eric Shipton ya zaɓe shi cikin 'yan dakonsa. Wannan ce tafiyarsa ta farko zuwa Everest. Ya sake komawa a 1936 da 1938 tare da Turawan Ingila, sannan a 1947 ya raka wani mutum mai suna Earl Denman. Duk waɗannan tafiye-tafiye ba su kai ga nasara ba. A 1948 kuma ya raka wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Tucci, zuwa Tibet, inda ya ga birnin Lhasa da manyan gidajen ibadarsa.

Watakila ka tambaya, me ya sa hawan wannan tsauni yake da wuya haka? Dalili na farko shi ne iska. Yawan nisan da mutum ya yi sama, yawan raguwar iskar da yake shaƙa. A can ƙololuwa, abin da huhu yake samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a bakin teku ba. Taku kaɗan sai mutum ya tsaya yana haki. Dalili na biyu shi ne sanyi, wanda yake iya kashe yatsun hannu da na ƙafa. Na uku kuwa ramuka ne masu zurfi da dusar ƙanƙara take rufewa, da kuma tarin ƙanƙarar da kan gangaro ya binne mutane. Mutane da yawa sun rasa rayukansu a wannan hanya, kuma da dama daga cikinsu 'yan dako ne.

A shekarar 1952 Tenzing ya bi ayarin mutanen Siwizalan har sau biyu. A tafiyar farko, shi da abokinsa Raymond Lambert suka kwana a cikin ƙaramin tanti ba tare da abin rufa na kirki ba, suna narkar da ƙanƙara da wutar kyandir don su sami ruwan sha. Washegari suka kai kusan mita 8,600, amma ƙarfinsu ya ƙare, dole suka juyo. Duk da haka sun kafa tarihi, kuma abota mai ƙarfi ta ƙullu tsakaninsu.

Hausawa kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1953 Tenzing ya koma Everest karo na bakwai, cikin ayarin Birtaniya wanda John Hunt ya jagoranta. Shi ne shugaban 'yan Sherpa, kuma yana cikin masu hawa. A nan ya haɗu da Edmund Hillary, wani mai kiwon zuma daga ƙasar Niyu Zilan. Wata rana Hillary ya faɗa cikin ramin ƙanƙara, Tenzing ya yi wuf ya riƙe igiyar da ta haɗa su, ya cece shi. Tun daga ranar suka amince da juna.

Mutum biyu na farko da aka tura, wato Tom Bourdillon da Charles Evans, sun kusa kaiwa a ranar 26 ga Mayu, amma suka dawo a gajiye. Sai aka tura Tenzing da Hillary. Suka kwana a zango na ƙarshe, wajen mita 8,500. Da gari ya waye suka goya tukwanen iskar shaƙa suka kama hanya. Gab da ƙarshe suka tarar da wani bangon dutse mai tsayin kusan mita 12, suka haye shi da kyar. Da ƙarfe 11:30 na safiyar 29 ga Mayu, 1953, suka tsaya a kan ƙololuwar duniya.

Minti 15 kacal suka yi a can. Tenzing ya ɗaga gatarinsa mai ɗauke da tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Nepal da Indiya, Hillary ya ɗauke shi hoto. Bisa al'adar addininsa, ya tona ƙanƙara ya binne alewa da wani ɗan fensir da 'yarsa ta ba shi, a matsayin kyauta ga tsaunin. A wuyansa kuwa yana ɗaure da jan gyalen da Lambert ya ba shi, don bai manta da abokinsa ba.

Da suka sauko sai wata jarrabawa ta taso. Jama'a suka yi ta gardama a kan wanda ya fara taka ƙololuwar, wasu ma suka matsa masa ya ce shi ne. Daga baya, a cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1955, ya bayyana cewa Hillary ne ya fara takawa, shi kuma yana biye da shi. A ganinsa, mutanen da igiya ɗaya ta ɗaure, nasararsu ɗaya ce. Ka lura da wannan hali: ya fifita gaskiya a kan yabo.

Tenzing bai yi karatun boko ba, amma yana jin harsuna da dama. A 1954 aka buɗe makarantar koyon hawan dutse a Darjeeling, ya zama babban mai horarwa, ya kuma yaye matasa masu yawa. A 1975 ya jagoranci masu yawon buɗe ido daga Amurka zuwa ƙasar Bhutan, sannan a 1978 ya kafa kamfaninsa na raka matafiya cikin tsaunuka. Ya rasu a Darjeeling ranar 9 ga Mayu, 1986. Shekara goma bayan haka ɗansa Jamling ya hau Everest.

A yau dubban baƙi suna zuwa Khumbu kowace shekara don kallon tsaunuka da gidajen ibada. Yawancinsu suna sauka ne a filin jirgin sama na Lukla, wanda tun 2008 yake ɗauke da sunan Tenzing da Hillary. Idan wata rana ka gwada wani abu ka kasa, ka tuna da yaron da ya fara da kiwo da dako, ya je tsaunin sau shida bai kai ba, a na bakwai ya kai.